Majigin Ɗan Fari

A cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa akwai wata Lahadi guda da na tabbata ba za ta goge a raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, gidan da abin ya faru ma an rushe shi an ɗora bene a wurin, amma har yau ina iya ba da labarin ranar tun daga safiya har La'asar. Ranar ce wani ɗan majigi da bai fi gwangwanin madara girma ba ya nemi ya hana mahaifiyata ganin ɗanta.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife mu. Mahaifinmu falken goro ne, ya rasu tun ina makaranta, ya bar Inna da mu. Ni ce auta, Yaya kuma shi ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ya san nisan da ke tsakanin auta da ɗan fari. Ni Inna kan kira sunana ba adadi kafin rana ta take, ta yi min faɗa, ta yi min kitso, ta ajiye min ƙanzo. Shi kuwa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” ne, ko “yaron nan”, da ya tafi Saudiyya kuma ya koma “mutumin Makka”, alhali a Jidda yake ɗinki. In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In ya bugo waya aka miƙa mata, sai ta ce, “Lafiya lau, a gai da mutan gida,” ta miƙo min da sauri kamar ta riƙe garwashi. Ina yarinya na ɗauka ba ta son sa ne. Sai da na yi hankali na lura cewa duk ranar da ya bugo ta fi cin tuwo.

Yaya ya daɗe a can, kuma takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba zai samu komawa ba. Ya auri wata Bahaushiya haifaffiyar can, suka haifi ɗa namiji. Kafin yaron ya fara tafiya idon Inna ya riga ya fara tafiya. Na hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama ya yi hazo, tana gane babban abu mai haske, kamar ƙofa a buɗe ko mutum da farar riga, amma fuskar waya a wurinta ɗan haske ne kawai mai motsi. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce za su yi aiki a na daman, ana iya dacewa, ana kuma iya rasa ɗan abin da ya rage. Aka sa ranar Litinin, aka ce mu kai ta asibiti ranar Lahadi da yamma ta kwana can.

Na kira Yaya na gaya masa. Ba a jima ba ya bugo ya ce ya sayi ƙaramar furojekta mai batir, irin wadda ake haɗawa da waya ba tare da igiya ba, ta haska hoto a bango ya kai girman ƙofa. In ya kira ta bidiyo, Inna za ta gan su shi da yaron kafin a taɓa idon. Ya ba wani Alhaji mai dawowa daga Umra, Alhajin ya sauka a Kano ya ba wani direban babbar mota, direban ya tsaya lodin albasa, motar kuma ta lalace a hanya. Sai ranar Juma'a maigidana ya karɓo saƙon a tashar mota ta Ojoo, kwalin ya lotsa kamar an zauna a kai. Na'urar lafiyarta lau, igiyar caji na ciki, amma kan cajar da ake sokawa a bango ya yi ɓatan dabo.

Da aka kai wa Inna ta shafa ta ce, “Majigi ne? Me zan yi da majigi, ni yarinya ce?” Daga ranar sunan ya bi shi. Amma ta ce a bar shi a ɗakinta kada yara su taɓa. Washegari da na je ɗauka sai na tarar da shi cikin riga. Ta yanki gefen wani tsohon leshinta da ba ta bari ko a wanke mata shi da sabulun banza, ta ɗinka masa riga da lalube, irin wadda tsofaffi ke yi wa rediyo, ta bar masa ido ɗaya a gaba da 'yar kafa ta wurin maɓallai. Ban san wanda ya zura mata zare a allura ba.

Muka zaɓi ɗakin goron mahaifinmu, wanda Baffa ƙaninsa ke riƙe da shi. Ba shi da taga, ga sanyi, ko rana tsaka duhu ne a ciki, ga bango guda mai santsi da ba a jingina kwanduna a jikinsa ba. Na jona majigin da kan cajar wayata, wata 'yar fitila ja ta kama, muka bar shi ya wuni. Da yamma muka kunna, ya haske bango tar, muka yi ta murna. Na buɗe masa data daga wayata, yana shiga intanet sai ya rubuto cewa akwai sabuwar manhaja, ya fara saukewa. Wani layi ya soma tafiya a bango, ya kai tsakiya, jikin na'urar ya ɗau zafi, fankar ciki tana gurnani, sai ɗif, ya mutu. Daga nan duk kunnawar da muka yi, tambarin kamfanin kawai yake nunawa ya tsaya cak, ba gaba ba baya, can kuma ya sake mutuwa.

Ni dai Allah bai ba ni haƙuri da na'ura ba. Iyakar ilimina a gyara shi ne a kashe a kunna, in abu ya ƙi a ɗan doke shi a ƙeya. Na yi na farkon har yatsana ya gaji, maigidana ya hana ni na biyun. Safiyar Lahadi ta waye shagunan gyara duk a rufe, jakar asibitin Inna na ajiye a bakin ƙofa, Yaya kuma sai turo saƙo yake yana tambaya ko an shirya. A nan ne na tuna da Anti.

Anti Bayarabiya ce, iyayenta sun yi haya a gidanmu tun kafin a haife ni, tare da Yaya suka yi wasan ƙasa. Tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta karanci aikin lantarki a kwalejin fasaha, ta buɗe shagonta wajen Mokola tana gyaran kwamfuta da waya. Na kira ta tana coci, ta fito waje ta amsa. Abu biyu kawai ta tambaye ni: da wace caja na yi cajin, kuma me yake cikin yi da ya mutu. Da na faɗa mata sai ta ce, “To, kada ki ƙara kunna shi. Ki ɗaure hannunki a baya har in zo.”

Kafin Azahar ta sauka daga kan okada da kayanta na coci, ɗaurin kanta ya kusa taɓa rufin zaure, jakar aiki a kafaɗa. Ba ta tambayi majigi ba. Ɗakin Inna ta fara shiga, ta durƙusa gwiwa biyu, ta gaishe ta da “ku” yadda suka saba girmama manya.

“Inna, barkanku da gida. Ya ƙarfin jiki? Pele, sannunku.”

“Jiki alhamdu lillahi. An taso ki daga ibada saboda abin wasan yara.”

“Ai mun gama, Inna. Ko ba a kira ni ba yau zan zo in gaishe ku.”

A ɗakin goro ta ɗauki majigin ta jujjuya shi, ta bi ɗinkin rigar da babban yatsa, ɗinkin da ya karkace ya hau ya sauka. A hankali ta tambaye ni wa ya ɗinka, na nuna mata ɗakin Inna da baki. Ta ce na'urar tana shan iska ta gefe guda ta fitar da zafi ta ɗayan, rigar kuma ta toshe duka biyun. Ni kuwa da saurin baki na ce to a cire a yar mana. Ta yi min wani kallo. Ta sa reza ta fasa wa rigar taga biyu daidai wurin iskar, ta zare ta a hankali, ta nufi ɗakin Inna da ita.

“Inna, rigar nan ta yi kyau, sai dai tela bai bar masa hanci ba. Numfashi yake yi ta gefe da gefe. Na fasa masa taga, za ku taimaka ku kalmashe min bakin? Ni hannuna bai iya allura ba.”

“Kawo nan,” in ji Inna. “Ku ba abin da kuka iya sai danne-danne.”

Anti ta ce ai ɗakin ba haske, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar da ke bakin ɗakin goro, ta zura mata zare. A lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne kawai. Sai daga baya na gane cewa ta matso da Inna bakin ɗakin ba tare da ta ce mata zo ba.

Sannan ta koma kan batir. Ba wuta a unguwa tun daren jiya, sai ta ciro wani ƙaton batirin ajiya daga jakarta, irin wanda take cajin laftof da shi, ta jona. Ta ɗaga kan cajar wayata ta nuna min ɗan rubutun da ke jikinsa. “Wannan taki da cokali take ba shi, shi kuma da ludayi yake sha. Fitila ta kama, amma cikinsa bai cika ba. Da yunwa ya fara canza manhajarsa, ga zafi, shi ya sa ya faɗi a tsakiya.”

Na ce ta yi min bayani da Hausar mutane. Ta ce akwai manhajar da ke can cikinsa, ita ce ke gaya masa yadda zai tashi. Ya goge rabin tsohuwar, bai gama rubuta sabuwar ba, shi ya sa in ya farka yake tsayawa sororo.

“Ya mutu ke nan, Anti?”

“Suma ya yi. Ina jin zai tashi, amma ban yi miki alkawari ba.”

Wannan maganar ta ba ni tsoro, ta kuma kwantar min da hankali a lokaci guda, domin na san in ta ce ya tashi, to ya tashi. Ta ce ba za ta taɓa shi ba sai batirin ya wuce rabi. Aka kira Azahar, na je na yi salla na dawo na tarar da ita a zaure inda sabis ya fi ƙarfi, ta kife kwandon goro ta zauna a kai, laftof a cinya, tana neman manhajar a shafin masu na'urar. Ta samu guda biyu masu kama da juna, harafi ɗaya ne ya bambanta su. Ta tashi ta koma ɗaki, ta kifa majigin, ta haska lambar da ke ƙarƙashinsa da fitilar waya, ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce in aka ba shi wadda ba tasa ba, to suman ya zama mutuwa. Ni kuwa sai safa da marwa nake tsakanin zaure da ɗaki.

“Anti, lokaci fa na tafiya. Bayan La'asar mota za ta zo.”

“Suuru, yi haƙuri, auta. Sauri ya haifi nawa. Je ki kawo min ruwa in sha.”

Na san ba ƙishirwa take ji ba, so take ta rabu da ni, amma na je na kawo.

Da batirin ya kai inda take so, ta goge wani filas na kwamfuta tas, ta sa fayil ɗin shi kaɗai a ciki, ta soka a bayan majigin, ta danne maɓallin kunnawa ta riƙe. Tambarin ya fito ya tsaya kamar jiya. Anti ko a jikinta, ta zare filas ɗin ta ce wasu na'urorin ba sa shiri da manyan filas na zamani. Ta lalubo wani tsoho ɗan ƙarami a ƙasan jaka, ta maimaita duk abin da ta yi ba tare da ta tsallake komai ba. Wannan karon sai ga layin nan ya fito a bango ya fara tafiya.

“Kowa ya ja baya,” in ji ta. “Ko ƙuda kada ya sauka a kan igiyar nan.”

Layin ya kai tsakiya, daidai inda ya mutu jiya, ya tsaya. Anti ta kara tafin hannunta kusa da wurin da iska ke fita, tana jin ɗumin, idonta a bango. A waje ina jin Inna tana tsinka zare da haƙori. Can sai layin ya motsa, ya ci gaba, ya kai ƙarshe. Majigin ya mutu da kansa, ya tashi da kansa, sai ga hotuna da rubutu reras a bango. Na buɗe baki zan rangaɗa guɗa, ta ce, “Tukuna. Saura su ga juna shi da wayar.”

Nan abin ya sake cijewa. Na buɗe wurin haska allo a wayata, ta yi ta juyi tana nema, ta ce ba ta ga kowa ba. Ga majigin a gabanta, amma kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Anti ta karɓa ta duba, ta ce wayata ce ke ba shi data, ita ce kuma ake so ta tura masa hoto, wasu wayoyin kan iya haɗa biyun, tawa ba ta iya ba. Ta ciro 'yar na'urar wayifai tata ta ce su biyun su shiga nan, sai sun zauna a tsakar gida ɗaya za su ga juna. Wayata ta shiga. Majigin ya ce shi bai ga gidan ba. Ta ɗan murmusa, ta shiga saitin na'urar, ta ce a zango na sama mai sauri take magana, shi kuma na ƙasa kawai kunnensa ke ji. Ta sauko da ita, nan take ya gani ya shiga.

Na sake nema a wayata, sai ga suna ya fito. Ashe da Yaya ya gwada majigin a Jidda sunansa ya sa masa, kuma duk wannan wahalar ba ta goge shi ba. Na buɗe baki zan karanta da ƙarfi, Anti ta taka min ƙafa. Inna na bakin ƙofa da allura a hannu. Sai ita Antin ta ɗaga murya ta ce, “Mai kayan ya fito.”

Na kira Yaya. Yana ɗauka ɗakin ya cika da wata ƙara mai tsaga kunne, don lasifikar majigin da bakin wayar sun yi kusa, kowanne na maimaita abin da ɗaya ya faɗa. Anti ta rage muryar majigin, ta ɗauke wayar ta jingina ta da wani kwando can gefe, tana fuskantar tabarmar da za a zauna. Hoton ya fito siriri a tsaye, ta ce, “Oga tela, kwantar da wayarka mana.” Ya kwantar, hoton ya baje ya cika bango. Yana ɗan tsinkewa, sai ta cire laftof ɗinta daga kan wayifan, ta mayar da na'urar bakin ƙofa inda sabis ke shigowa, ya daidaita. Sai ga fuskar Yaya ta kai girman ƙofa, yana dariya, har gibinsa ana gani.

Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika. Matan gida, yara, Baffa, har maƙwabta, kowa na miƙa gaisuwa. Na kutsa na fita wurin Inna.

“Inna, taso, ga shi nan ya fito.”

Ba ta ɗago ba. “Ku kalla. Ai ina jin murya daga nan.”

“Inna, saboda ke aka sha duk wannan wahalar. An kusa kiran La'asar fa.”

“Na ce ku kalla.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, hawaye suka cika min ido. Na san ba abin da take so a duniya a wannan lokacin kamar ta shiga ɗakin nan. Na kuma san a wurinta gara ta tafi asibiti ta rasa idon da a ce ta zauna gaban ƙanin mijinta da matan gida ta zuba wa ɗan farinta ido. An gyara batir, an gyara manhaja, an haɗa waya, amma abin da aka yi dominsa yana neman ya suɓuce, kuma ni ban da faɗa ba abin da ya zo min baki.

Anti ta dafa kafaɗata ta wuce ni. Ta karɓi rigar a hannun Inna, ta yaba kalmasar, ta shiga ta sa wa majigin, tagogin suka zauna daidai wurin iska. Sannan ta juya ga jama'a. “E jo, don Allah ku ɗan ba mu wuri. Jikin mutane na tare sabis, zafi kuma ya yi masa yawa.” Baffa ne ya fara ganewa, ya gyara hula ya ce shi ma alwala zai yi, ya kaɗa kan sauran waje. Bayan shekaru na tambaye ta ko maganar nan gaskiya ce, ta ce rabinta.

Ta sunkuya ta yi wa Yaya magana ƙasa-ƙasa a waya, sai ga shi ya ɗauko yaron ya ɗora a cinya. Ta fito ta durƙusa gaban Inna.

“Inna, ba wancan ba ne. Angonku ne ke nemanku, ƙaramin. An ce masa yana da mata a Ibadan, ya ce shi bai taɓa ganinta ba.”

Inna ta soke allurar a gefen zaninta. “Wannan mijin da ko gishirin miya bai taɓa aiko min ba?”

“Shi fa. Ku zo ku yi masa faɗa da bakinku.”

Ta miƙe. Na riƙe mata hannu muka shiga, ta zauna a tabarma a karkace, kafaɗa ɗaya na fuskantar bango. Anti ta janyo ƙofa ta bar 'yar kafa don haske ya shigo, su Yaya ma su gan ta. Yaron ya cika ƙasan bangon, da kumatunsa da manyan idanunsa, yana miƙo hannu zai kama wayar. Inna ta karkata kai ta juyo da idon dama, sannan ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

“Au, kai ne? Da wannan ƙaton kan? To na fasa auren.”

Ta yi ta tsokanarsa, yana gwarancinsa, uwarsa ta leƙo ta gaishe ta, ta amsa da fara'a. Yaya ya gaishe ta, ta ce “lafiya” ba ta ɗaga ido ba. Fuskarsa na nan a saman bangon, sama da kan yaron, amma idonta bai wuce kumatun jikanta ba. Daga masallacin unguwa aka fara gyara lasifika.

Sai na ga Anti ta kai hannu kan 'yar ƙafar da ake murzawa a daidaita hoto, ta murza, bangon duk ya dushe.

“Kash, ya goce,” in ji ta. “Inna, ni idona ya gaji da kallon kwamfuta tun ɗazu. Yaron ba ya zama wuri ɗaya, ba zan iya saiti da shi ba. Ku taimaka ku kalli fuskar babban, ina murzawa, in ta fito sarai ku gaya min.”

A ɗakin nan kaf ba wanda idonsa ya kai na Inna rauni, kuma dukkanmu mun san haka, har ita. Inna ta gyara zama ta fuskanci bango sosai, ta ɗaga kai, tun da aiki aka sa ta. Anti ta murza sau ɗaya, fuskar Yaya ta fito tar, har gashin gemunsa ana iya gani. Ya daina motsi, ya tsaya yana kallon wayarsa kamar mai ɗaukar hoton fasfo.

“Ya fito, Inna?”

“Tukuna.”

Ina kallon hannun Anti. Yana kan ƙafar, yatsunta na motsi kamar mai murzawa, amma ba ta murza komai ba.

“Yanzu fa?”

“Da saura.”

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na ga Inna tana bin fuskar da ido tun daga goshi har haɓa, ta koma sama ta sake saukowa. Na ga idon Yaya ya kawo ruwa, bai share ba don kada ya motsa. Ni na cusa bakin mayafina a baki. Aka kira salla, aka gama kira, Anti ba ta ɗauke hannu ba, ba ta kuma sake tambaya ba.

Can Inna ta ce, da murya ƙasa, “Majigin nan yana sa wa mutum furfura ne?”

“A'a, Inna. Tasa ce.”

Ta jinjina kai. Ta ƙara dubansa, sannan ta ce, “To, ya fito. Bar shi haka.” Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce a kawo mata buta.

An yi aikin washegari. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ta ɗan ci gaba da bambance haske da duhu na wasu watanni, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In mata suka zo gaishe ta, takan ba su labarin mijinta na Makka mai ƙaton kai, su yi ta dariya. Na babban kuwa ba ta taɓa ba kowa labarinsa ba.

Na ga masu gyara da yawa kafin wannan rana da bayanta, wasu ma sun fi Anti saurin hannu. Amma ban taɓa ganin wanda ya san inda aikinsa ke ƙarewa kamar ita ba. Da ni ce, da hoto ya fito a bango na ce na gama, in tattara kayana, laifin sauran in ɗora wa tsohuwa da taurin kanta. Abin da na koya a ɗakin goron nan shi ne, in za ka taimaki mutum, kada ka sa shi ya zaɓa tsakanin buƙatarsa da kunyarsa, nemo masa hanyar da zai samu ta farkon bai zubar da ta biyun ba. Inna ta kalli ɗan farinta har ta ƙoshi, kuma har ta bar duniya ba wanda zai ce ya ga ta kalle shi.